Gwangwani da Rula: Yadda Yaran Agege Za Su Koyi Karanta Sararin Samaniyar Legas

A farkon kowace shekara, Hukumar Kula da Hasashen Yanayi ta Najeriya, wato NiMet, takan fitar da kundin hasashen damina, inda take bayyana lokacin da ake sa ran saukar ruwa a kowace jiha, da lokacin ɗaukewarsa, da kuma yawan abin da za a samu. Bayan 'yan makonni, hukumar NIHSA mai sa ido kan koguna da ruwan ƙasa takan biyo baya da jerin wuraren da ke fuskantar barazanar ambaliya, kuma da wuya a rasa Legas a ciki. Ana fassara hasashen zuwa Hausa da Yarbanci da Ibo, gidajen rediyo kuma suna yaɗa shi. Sai dai akwai kalma guda da fassara ba ta iya warwarewa, ita ce milimita.

Idan aka sanar cewa za a yi ruwan milimita 80 cikin sa'o'i 24, mai sayar da goro a Zangon Agege, ko uwar da ɗakinta ke bakin magudana, ba su da abin da za su kwatanta wannan adadi da shi. Yayyafi ne ko ruwa kamar da bakin ƙwarya? A ɗaga katifa da buhun abinci sama, ko a bar su? A bar yara su tafi makaranta, ko su zauna a gida? Gargaɗin da mai sauraro bai fahimci ma'auninsa ba, amfaninsa kaɗan ne.

Legas ta san abin da milimita ke iya yi. A ranar Lahadi, 10 ga watan Yulin 2011, an wuni ana tafka ruwa har cikin dare. Abin da aka auna ya haura milimita 200, an rasa rayuka aƙalla 25, unguwannin da ke kewayen Agege na cikin wuraren da abin ya shafa, gwamnatin jihar kuma ta rufe makarantunta washegari. A ranar 3 ga watan Yulin 2024 ma ruwan safe ya tsayar da zirga-zirga a sassa da dama na birnin, har motoci suka nutse a Iyana Oworo, kusa da hawan gadar nan mai tsawo da ke kaiwa tsibirin Legas. A irin waɗannan ranaku yara ne suka fi shiga haɗari, domin su ne ke kan hanya da safe da kuma lokacin tashi, kuma su ne ke ɗaukar ruwan da ke gudu a kwata tamkar wurin wasa.

Darasin yanayi yana cikin manhajar kimiyya ta makarantun firamare. Matsalar ita ce yawanci a kan allo yake farawa, a kan allo yake ƙarewa: malami ya zana ma'aunin ruwan sama da alli, yara su kwafa, su haddace sunansa da Turanci, su rubuta a jarrabawa. Alhali na'urar da ake zanawa ɗin tana cikin mafi sauƙin na'urorin kimiyya, har yaro ɗan aji huɗu zai iya haɗa ta da abin da ke cikin kwandon shara.

Yaron da ke da kalanda biyu

Akwai dalilin da ya sa wannan darasi ya fi dacewa da ɗan Bahaushen Legas fiye da kowa. Hausawa sun kafu a Agege ne ta dalilin cinikin goro da dabbobi, musamman bayan da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912. Sun zo da harshensu, harshen kuma ya zo da kalandarsa: bazara, damina, kaka, hunturu da rani. Yaron da aka haifa a Agege ko Idi-Araba ko Obalende yana jin kakarsa tana cewa shamuwa ce ke kawo albishir ɗin damina, gawo kuma yakan zubar da ganye idan ruwa ya sauka, watan Agusta shi ne marka, lokacin da ake kwana a wuni ana ruwa har katangun ƙasa su riƙa faɗuwa. Duk wannan gaskiya ne, amma gaskiyar Kano da Katsina da Sakkwato ce. Idan yaron ya ɗaga kai a Agege cikin watan Agusta, sau da yawa gajimare zai gani ya lulluɓe sama, da iska mai sanyi, da ɗan yayyafi, ba tare da wani ruwan kirki ba.

Damina a Legas takan faro ne tun wajen watan Maris ko Afrilu, ta kai ƙololuwa a watan Yuni, wanda shi kaɗai yakan ba da kusan milimita 300 ko fiye. Daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Agusta sai ruwan ya lafa na 'yan makonni, sannan ya dawo a Satumba da Oktoba. A shekara birnin yakan samu tsakanin milimita 1,500 da 2,000, gwargwadon kusancin unguwa da teku. Sakkwato kuwa takan samu wajen 600 zuwa 700 ne, kusan duka cikin wata huɗu, kuma Agusta ne watan da ya fi ruwa.

Abin da ke haddasa wannan bambanci shi ne kokawar iska biyu. Ɗaya tana tasowa daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ɗauke da laima. Ɗayar tana gangarowa daga Sahara ta arewa maso gabas, busasshiya. Iyakar da suke haɗuwa ba ta zama wuri ɗaya. A watan Janairu takan sauko har kusa da gaɓar teku, daga nan ta riƙa hawa arewa sannu a hankali, har a watan Agusta ta wuce Agadas a Jamhuriyar Nijar. Ruwa mai ƙarfi yana biye da ita ta kudu, shi ya sa yake ratsa Legas sau biyu, da tafiya da dawowa, amma ya ziyarci Arewa sau ɗaya. A daidai lokacin da ya koma Arewa kuma ruwan tekun da ke gaban Legas yakan yi sanyi, abin da ke rage tasowar hadari.

Wannan bayani ne da babba ma sai ya natsu kafin ya kama shi. Amma yaron da ya auna ruwan unguwarsu da hannunsa na wata shida, ya kuma kwatanta da abin da ɗan'uwansa ya auna a Arewa, zai ga abin a rubuce da rubutunsa. Gani ya kori ji.

Yadda ake haɗa ma'aunin

Abin da ake buƙata shi ne gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne, gindin kuma a shafe yake, kamar babban gwangwanin madarar gari ko na tumatir. A cire murfin gaba ɗaya, babba ya daddanne bakin don kada ya yanki hannu. Sai rula. Zurfin ruwan da ya taru a ciki shi ne yawan ruwan da aka yi: idan rula ta nuna santimita 2, an yi ruwan milimita 20 ke nan. Yara sukan yi gardama a nan, su ce ai babban gwangwani zai fi ƙarami tara ruwa. Bai kamata malami ya yanke musu hukunci ba. Ya bari su ajiye babba da ƙarami a jere, su auna da safe. Za su tarar ruwan babban ya fi yawa, amma zurfin ɗaya ne, kuma wannan gardamar kaɗai ta isa darasin mako guda.

Ana iya amfani da gorar ruwa ta roba, a yanke samanta a kifa shi ciki ya zama mazurari, wanda ke rage ƙafewar ruwan. Sai dai gindin gora ba a shafe yake ba, don haka sai a zuba tsakuwa da ruwa har su rufe ƙusoshin gindin, a ja layi a nan, a riƙa fara awo daga kan layin.

Wurin ajiyewa ya fi haɗawar wuya, musamman a Agege inda gidajen haya ke manne da juna, rufin wannan yana zuba a tsakar gidan wancan. Dole ma'aunin ya kasance a fili, nesa da indararo da bango da bishiya. Ƙa'idar masana ita ce tazararsa da abu mafi kusa ta kai aƙalla ninki biyu na tsayin abin. Filin makaranta ko harabar masallaci ko ta Islamiyya sun fi tsakar gida dacewa. A kafa shi tsakanin bulo biyu don kada iska ko akuya ta ture shi. A riƙa dubawa kowace safiya a lokaci ɗaya, a rubuta, sannan a zubar da ruwan. Zubarwar ba ta da makawa: ruwan da ya kwana bakwai zuwa goma a gwangwani ya isa ƙwan sauro ya zama sauro. Ranar da ba a yi ruwa ba ma a rubuta sifili, domin jerin sifilin watan Agusta shi ne zai ba da labari daga baya.

Daga nan sai lissafin da ke mayar da milimita abin da ido ya sani. Ruwan milimita 1 daidai yake da lita 1 a kan kowane murabba'in mita. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10 yana da murabba'in mita 100. Idan aka yi ruwan milimita 50, lita 5,000 ce ta sauka a kansa, wato jarka 200 mai cin lita 25. Duk yaron Agege ya san kurar 'yan garuwa. Idan kura tana ɗaukar jarka 10, kura 20 ke nan daga rufi ɗaya, a ruwa ɗaya. A rana irin ta 10 ga Yulin 2011, wannan rufin ya zubar da abin da ya haura jarka 800. Sai a tambayi yaran: rufi nawa ne a layinku, kuma ina duk wannan ruwa ya nufa?

Amsar tana cikin faranti uku. A cika ɗaya da yashi, ɗaya da jar ƙasa da aka daddaɓe, na ukun a ɗora masa fallen tayil ko gutsuren siminti. A karkata su kaɗan, a zuba wa kowanne kofi ɗaya na ruwa. Yashi zai shanye, jar ƙasa ta sha kaɗan ta tura saura, siminti kuwa ya mayar da duka. Birnin da aka shafe da kwalta da siminti da kwano haka yake, kusan duk abin da ya sauka sai ya bi magudana. Sai a tsaga gora biyu a tsaye ta zama 'yar kwata, a zuba ruwa ya wuce, sannan a cusa mata gutsattsarin ledar ruwa a sake zubawa. Yaron da ya ga ruwan ya tumbatsa ya malalo kan teburi ba ya buƙatar dogon wa'azi kan zuba shara a lambatu, zai kuma fahimci dalilin da ya sa gwamnatin Legas ta haramta farantan soso na zuba abinci a watan Janairun 2024.

Littafi biyu, gari biyu

Da wuya a sami gidan Bahaushe a Legas da ba shi da dangi a Arewa, wayar hannu kuma ta rage nisa. Idan aji ɗaya a Agege ya ƙulla zumunci da wani aji a Kano ko Funtuwa ko Maraɗi, ko kuma yaro da ɗan baffansa kawai, kowa ya ajiye gwangwaninsa, a riƙa musayar adadi duk ranar Juma'a ta WhatsApp, to an sami abin da littafin karatu ba zai bayar ba. A watan Afrilu shafin Agege ya fara cika, na Arewa fari fat. A watan Yuni na Agege ya yi nisa, a Arewa kuwa ana batun shuka. A watan Agusta sai abin ya juye. Idan aka zana adadin kowane wata a matsayin sanduna a kan takarda, na Agege zai fito da tozo biyu, na Arewa da tozo ɗaya. Daga wannan zane malami zai iya gabatar da labarin iska biyun nan, yaran kuma za su gane cewa kakarsu ba ta yi kuskure ba, littafin makaranta ma bai yi ba; kowanne garinsa yake bayani.

Gano alƙiblar iska ma ba ya buƙatar kuɗi: ƙyalle mara nauyi a ɗaure a kan dogon kara, a kafa a fili. Wahalar ita ce sanin ina ne gabas, ina ne yamma, a unguwar da gine-gine suka tare fitowar rana. A nan masallaci yana taimakawa. Ko da yake a bakin Bahaushe fuskantar alƙibla shi ne fuskantar gabas, alƙiblar Legas ta karkata sosai zuwa arewa maso gabas. Saboda haka mai fuskantar alƙibla a Agege, iskar damina ta bayansa take zuwa, iskar hunturu kuma ta gabansa. Yaro ba zai manta da wannan ba. Akwai kuma alama a sama: jiragen da ke sauka a filin jirgin saman Murtala Muhammed da ke Ikeja sukan ratso ta kan yankin Agege suna fuskantar kudu, saboda jirgi yakan sauka ne yana tunkarar iska.

Yaro mai lura zai kawo ƙorafi a nan. Idan iskar damina daga kudu maso yamma take, me ya sa hadari ke haɗowa daga gabas? Tambaya ce mai kyau, kuma manoman Arewa sun daɗe da sanin cewa hadarin gabas shi ne na ruwa. Dalili shi ne iskar da ke kaɗawa kusa da ƙasa daban take da wadda ke can sama. A tsayin kilomita 3 zuwa 4 akwai iska mai ƙarfi da ke tafiya daga gabas zuwa yamma, ita ce ke tura manyan hadura. Ta ƙasa tana kawo laima, ta sama tana jan ragamar hadarin.

Batun laima shi ne inda Legas da Arewa suka fi rabuwa, kuma ledar ruwa mai sanyi ta isa ta nuna shi. A ɗora ta a kan teburi, nan da nan jikinta zai yi gumi. Yawancin yara za su ce ledar ce ke yoyo. A goge ta tas, gumin ya dawo. A ɗauko wata ledar da ba ta da sanyi, ita ba za ta yi ba. Ruwan daga iskar ɗakin yake: tururin da ido ba ya gani ne ya taɓa abu mai sanyi ya koma ɗigo, kamar yadda raɓa ke kwanta a kan ciyawa, kamar kuma yadda gajimare ke haɗuwa idan iska mai ɗumi ta hau sama ta huce. A Legas laimar iska takan haura kashi 80 cikin 100. A Kano cikin hunturu takan faɗi ƙasa da kashi 20, shi ya sa leɓe ke tsagewa, wanki kuma ya bushe kafin a gama shanya.

Wannan ne ma sirrin randa da tulu. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta ƙafar da shi, ƙafewar kuma ta tafi da zafi. A kan wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Dabarar tana aiki sosai a busasshiyar iskar Arewa, amma a Legas ƙarfinta kaɗan ne, domin iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa. Yara za su iya gwadawa da ma'aunin zafi biyu, a naɗe kan ɗaya da jiƙaƙƙen ƙyalle, a yi musu fifita. Tazarar da ke tsakaninsu a Agege cikin watan Yuni ba za ta wuce digiri kaɗan ba. Ɗan'uwansu na Sakkwato a watan Maris zai iya samun digiri 10 ko fiye. Jikin mutum ma randa ne: gumi yana sanyaya shi ne idan ya ƙafe. Shi ya sa zafin digiri 33 a Legas ke iya galabaitar da wanda ya saba da 40 a Sakkwato. Abin kiyayewa kawai shi ne kada a ba yara ma'aunin zafi mai ruwan zaiba, domin guba ce idan ya fashe. Mai jan ruwa ko mai batir ya wadatar.

Hunturun Legas gajere ne, wani lokaci 'yan kwanaki ne a Disamba ko Janairu, maƙwabta Yarabawa kuma suna kiransa oye. Farar takarda da aka shafa wa basilin aka ajiye a waje kwana ɗaya za ta kama abin da ke yawo a iska. Ƙura mai haske, mai laushi kamar hoda, ta yi doguwar tafiya, akasarinta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wurin da a da can ƙasan tafki ne. Baƙin da ke gauraye da ita kuwa na gida ne, hayaƙin motoci da janareta.

Ba kowane gwaji da ke cikin littattafai ya cancanci wahala ba. Akwai wanda ake ɗaure bakin kwalba da balan-balan a manna tsinke, wai don auna nauyin iska. A Turai, inda nauyin iska ke hawa da sauka sosai kafin sauyin yanayi, yana da ma'ana. A ƙasashe masu zafi sauyin ƙanƙane ne, tsinken kuma zafin ɗaki kawai yake bi. Haka nan zanen yanayi huɗu da dusar ƙanƙara da ake kwafowa daga littattafan waje ba ya gaya wa ɗan Agege komai game da samansa.

Tsawa, ruwa mai gudu, da iyakar gwangwani

Gwajin da ya fi kusa da ceton rai ba ya buƙatar kayan aiki ko ɗaya. Haske yana isowa nan take, sauti kuwa yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, wato kilomita 1 cikin daƙiƙa 3. Idan aka ga walƙiya, sai a fara ƙirga har a ji tsawa, a raba adadin gida uku, a sami nisan hadarin. Wanda ya ƙirga 30 ko ƙasa da haka, aradu na iya kaiwa inda yake; sai a bar filin ƙwallo, a guji gindin bishiya da turakun lantarki, a shiga cikin gini. Daga cikin ɗaki ake wannan ƙirga, ba daga tsakar gida ba.

Rular awo tana da wani darasin. Hukumar yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum. Santimita 15 rabin rular makaranta ce. A sa kowane yaro ya dafa rular a ƙafarsa ya ga inda ta tsaya, sannan a tuna masa cewa idan ruwa ya shafe titi, ba a gane inda kwalta ta ƙare da inda bakin magudana ya fara. Lambobin kiran gaggawa na Jihar Legas, 112 da 767, sun cancanci a rubuta su a bangon littafin awon.

Ya kamata kuma yara su san abin da gwangwaninsu ba zai gaya musu ba. Mazauna Kara da Isheri da wasu sassan Mile 12, inda Hausawa ke da yawa, sun san ambaliyar da ke zuwa rana tsaka ba tare da ɗigon ruwan sama ba, idan kogin Ogun ya cika, musamman lokacin da aka saki ruwa daga madatsar Oyan da ke kusa da Abeokuta. Ruwan da ya sauka a wata jiha ne yake isowa bayan kwanaki. Don haka awon gida ba ya maye gurbin sanarwar hukuma. Yana sa a fahimce ta ne.

Wasu iyaye sukan yi ɗari-ɗari da kalmar hasashe, suna ganin kamar shiga ilimin gaibu ne. Abin da masana yanayi ke yi kirdado ne bisa alamu, irin wanda manomi ke yi idan ya ga hadari ya yi baƙi a gabas ya ce a kwashe shanya, sai dai su alamunsu sun haɗa da na'urori da tauraron ɗan'adam. Shi ya sa suke magana da yiwuwa, ba da tabbas ba. Idan yara suka riƙa rubuta hasashen da suka ji da yamma, washegari su rubuta abin da ya faru a gefensa, za su ga inda aka dace da inda aka saɓa, su kuma gane cewa ana iya tafka ruwa a Ikeja alhali Agege ƙura take tashi. A nan ne kuma za a raba musu abu biyu da Hausa ke kira da suna ɗaya. Akwai yanayin yini, wanda ke sauyawa tsakanin safe da yamma. Akwai kuma yanayin ƙasa, wanda masana ke fitarwa daga matsakaicin awon shekara 30. Damina ɗaya mai yawa ko mai ƙaranci ba ta isa a ce an ga sauyin yanayi ba.

Ɗora awon yanayi a hannun 'yan makaranta ba sabon abu ba ne. Shirin TAHMO, wanda masana daga jami'ar Delft ta ƙasar Holan da jami'ar Jihar Oregon ta Amurka suka assasa da burin kafa tashoshi 20,000 a Afirka, yakan girke na'urorinsa a harabar makarantu, saboda a nan ake samun masu kula da su da masu amfani da alƙalumansu. A watan Maris na 2022 kuma Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, António Guterres, ya sanar da ƙudurin ganin gargaɗin gaggawa ya isa ga kowane mutum a duniya kafin ƙarshen 2027.

Makarantun Agege suna da wata dama da takwarorinsu na wurare da yawa ba su da ita. Cibiyar horar da ma'aikatan yanayi ta NiMet, wadda Hukumar Yanayi ta Duniya ta amince da ita a matsayin cibiyar yanki, tana Oshodi, tafiyar da ba ta da nisa a kan babban titin Agege. Ranar 23 ga watan Maris ta kowace shekara ita ce Ranar Yanayi ta Duniya, tunawa da kafuwar hukumar a 1950, kuma tana zuwa ne daidai lokacin da ruwan farko ke fara sauka a Legas. Makarantar da ta rubuta takardar neman ziyara da wuri, ɗalibanta za su iya ganin ma'aunin ruwan sama na hukuma da idonsu: bututun ƙarfe ne mai mazurari a baki da kwalba a ciki, ma'aikaci yana zuwa kowace safiya ya juye ruwan a gilashin awo, ya rubuta adadin a littafi.